Sunana da Jan Fenti

Masu karatu, sannunku da jimirin bibiyata. Yau kam sai kun yi haƙuri da ni, don ba da fara'a na zo ba. Rubutun nan nake, amma ko warin fenti ba na son shaƙa.

Ga wanda yau ya fara cin karo da ni, ni ce auta a gidanmu, kuma ina aiki a wani gandun daji na gwamnati can saman tsaunuka. Ba na riƙe bindiga, ba na korar mafarauta. Aikina shuka ne. Duk inda zaizaya ta cinye ƙasa, mu ne ke rainon tsirrai a gwangwanaye, mu dasa su, mu kewaye da igiya, mu hana kowa takawa. Har yanzu a gwaji nake, ba a tabbatar da ni ba, kuma duniya babu abin da nake so irin a tabbatar ɗin. Umma kuwa ba ta taɓa kiran abin da nake yi aiki ba. Yawon daji take ce masa.

Tun rasuwar Abbanmu, duk zuwan da zan yi hutu sai na cika musu kunne da labarin gandu, ko ana so ko ba a so. Har labarin wani abokin aikinmu na taɓa ba su, wanda aka sallama saboda ƙannensa sun kai masa ziyara sun kankare sunayensu a jikin dutse. Umma tana tsintar shinkafa a lokacin, ko ɗagowa ba ta yi ba. Na ce a raina, ni dai a gidan nan da bango nake hira.

Shi kuma mutumin naku mai neman aurena, Sarkin Hanya, haka mabiyansa ke kiransa a waya. Yana da shagon kayan babura, amma abin da ya yi suna a kai shi ne yawo shi kaɗai a kan wani ƙaton baƙin babur. Ya ɗaure tanti da jakunkuna a baya, ya maƙala kyamara a hular kwano, ya yi ta hawa tsaunuka yana gangara kwazazzabai, yau yana wannan gandu gobe yana wancan. Ba zan yi muku ƙarya ba, ni na fara kallonsa. Ranar da ya tsaya a ƙofar gandunmu ya cire hula yana tambayar hanyar mafaɗar ruwa, sai da na manta da butar ban ruwa a hannuna ta jiƙa min takalmi. Daga nan na shiga kallon bidiyoyinsa: titi ya lanƙwasa a gefen dutse, gajimare na ƙasa da shi, yana dafa shayi a bakin rafi yana cewa babu abin da ya kai kaɗaici daɗi. Na ce to, ga wanda zai gane ni. Ashe gane kansa kawai ya iya.

Da ya zo gidanmu, a zama ɗaya ya saye kowa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Umma. Ya duba wa Yaya motarsa da ta daɗe tana tari. Goggo, ƙanwar Abbanmu, ta bi shi da kallo ta taga ta ce, "Wannan ko a duhu aka ba ki, ki karɓa da hannu biyu." Kafin wata ya zagayo Yaya ya saka shi a guruf ɗin gidanmu, inda ko mijin 'yar Goggo bai samu shiga ba.

To, a wannan makon ne aka ce manyansa za su zo gabatarwa. Umma ta matsa sai na ɗauki hutu. Ina sauka daga mota na ga get ɗin gidanmu ya sha sabon fenti, ja mai duhu kamar hanta, har yana ɗaukar ido. An canza labulen falo, an wanke kujeru, an kwashe tarkacen tsakar gida an jibge bayan tankin ruwa, har da gwangwanin ragowar fentin da buroshi a saman murfinsa. Takalmana na aiki kuwa Umma ta ɗaga da yatsu biyu tana yatsina fuska.

"Waɗannan kofatan su tsaya a waje. Kada surukaina su shigo su zata soja na haifa."

Shekaranjiya da hantsi muna falo, Goggo ta sa ni gwajin kaya. Doguwar riga ce ta leshi ruwan zuma, ta matse ni a ƙirji, duwatsun wuyanta na sukata, ga mayafi mai santsi da ke zamewa duk motsin da na yi. Goggo na zagaya ni da allura a baki.

"Miƙe sosai mana. Dubi hannu don Allah, duk kanta. Wace amarya ce da tafin hannun leburori?"

"Goggo, ƙasa nake taɓawa."

"To an kusa dainawa."

Wayata ta yi ƙara a hannun kujera. Shi ne.

"Gimbiyata, duba guruf. Na bar miki kyauta a wurin aikinki."

Wurin aikina? Na ce ƙila kwalin turare ya ajiye min wajen masu gadi. Kafin na buɗe, Yaya ya faɗo falo da gudu, wayarsa a sama.

"Ku zo ku ga ikon Allah! A talabijin za mu kalla, wannan ya fi ƙarfin waya."

Ya haɗa, muka zuba ido. Farkon bidiyon babu laifi. Sassafe ne, titi a jiƙe da raɓa, babur na hawa yana kwana, itatuwa dogaye na wucewa ta gefe. Na gane hanyar tun daga kwanar farko, tamu ce. Sai dai da ya iso babbar ƙofar da baƙi ke yankar tikiti bai tsaya ba. Ya wuce, ya saki kwalta, ya bi wata 'yar siririyar hanya ta bayan ofis.

Bari na tsaya na yi muku bayani. A bayan gandunmu akwai ƙaramin get na ma'aikata. Makullin kwadonsa ya daɗe da ɓata, don haka mukan naɗa sarƙar mu maƙala kwadon yadda duk wanda ya hango zai rantse a kulle yake, alhali ja ɗaya zai buɗe. Babu wanda ya san haka sai mu. Ni kuwa, wata rana muna hira a waya, yana ba ni dariya da labarin yadda biri ya sace masa burodi, sai na rama da labarin kwadonmu na ƙarya. Muka yi dariya tare. Ban san ajiyewa ya yi ba.

A talabijin, hannunsa cikin baƙar safa ya ja sarƙar, ta zube. Ya juyo da kyamara, fuskarsa a rufe da gilashin hula, ya ɗaga babban yatsa.

"Kai, yaron nan akwai dabara!" in ji Yaya.

Bayan get ɗin gangarenmu ne. Da can ruwa ya yashe shi, ya zama jan rami babu ko tsinke. Tun zuwana gandun a kansa nake. Mu muka ɗebo ƙasa a buhu a ka, muka jera duwatsu, muka dasa wata 'yar gajeriyar ciyawar tsauni mai furanni shuɗaye wadda saiwarta ke riƙe ƙasa. Ba ta son zafi, ba ta son a taka ta, rainonta sai ka ce na bakwaini. A gwiwa na dasa su ɗaya bayan ɗaya, sanyi na tsaga min yatsu. Bana ne karon farko da suka yi fure. Har hotonsu na tura masa, ya mayar min da alamar zuciya.

Ya ɗaga igiyar da muka kewaye wurin, ya sunkuya da babur ya shige. Sannan ya murɗa totur.

Jama'a, na ga taya ta baya tana tona ƙasa tana watso ta sama, baƙar ƙasa haɗe da shuɗi. Gangaren ya yi tsayi, babur ya zame, ya sake murɗawa, ya yi kwana, ya sake hawa ta wani gefen. Har da waƙa ya ɗora a kai. Ni kuwa ina tsaye cikin leshi, allurar Goggo na soke a kafaɗata, na kasa ko motsi.

A saman gangaren akwai wani farin dutse, ƙato, sumul, wanda ake hangowa tun daga rumfar da baƙi ke tsayawa ɗaukar hoto. Nan ya jingine babur, ya buɗe jaka, ya fito da gwangwani da buroshi. Aka ƙara wa bidiyon sauri. Haruffa suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya kai tsayin mutum, fentin na zirara ƙasa. Sunana ne na yanka, cikakke, haɗe da na Abbanmu. Ya zana zuciya ya kewaye.

Goggo ta furzar da allura ta saki shewa.

"Wayyo ni! Mu a zamaninmu ko a jikin bango wa ya rubuta mu? Auta, kin gama sa'a!"

"Dubi tsayin wurin," in ji Yaya. "Ransa fa ya saka a kasada saboda ke."

Na waiga wajen Umma. Tana zaune hannu a haɓa, tana kallona maimakon talabijin.

Ban san lokacin da na kwashi rigar na yi banɗaki ba. Shayin safe da burodin duk sai da suka dawo. Ina durƙushe ina jin Goggo na cewa murna ce ta yi min yawa, haka ake yi.

Da na fito na ɗauki waya, kiran Oga na gani a jere. Oga shi ne shugaban sashenmu, dattijo mai sanyin magana, wanda ya tsaya min aka ɗauke ni lokacin da wasu ke cewa mace ba za ta jure ba. Ya turo hoto. Gangaren ne a hasken rana, babu waƙa, babu kwalliya. Sawun taya ya tsaga shi gida-gida, tsirran a kwance saiwa a sama. Can bisa ga sunana yana zubar da ja. A ƙasan hoton ya rubuta:

"'Yata, sunanki ne a nan, kuma ta get ɗin ma'aikata aka shiga. Masu gadi ba su ga kowa ba. Manya sun ce ko a kawo wanda ya yi, ko mai sunan ta ɗauka. Ki kira ni kafin a tashi aiki."

Na karanta ya fi a ƙirga. Sai na tura wa mutumin naku hoton ba tare da na ce komai ba. Nan take ya amsa.

"Kin ga yadda ya fito ko? Daga nesa ma ya fi kyau."

"Ka san abin da ka yi?"

"Na san na burge ki. Ina hanya, yanzu zan iso. Kada ki tura wa kowa bidiyon, ranar bikinmu zan sake shi, duniya ta girgiza."

Bayan la'asar muka ji rurin salansa a layi. Yaya ya wangale get da kansa. Ya shigo cikin baƙar rigar fata da wandon da ke da kariya a gwiwa, takalmansa sun yi kaca-kaca da laka. Lakar gangarena ce, na san kalarta. Umma da ta kori takalmana waje, ita ce da cewa, "Shigo abinka ɗana, kada ka wahalar da kanka da cirewa." Ya taka sabon kafet ya zauna.

Aka kawo masa ruwa da lemo, aka watse aka bar mu, amma na san Goggo na bayan labule. Na zauna can ƙarshen kujera cikin hijabina na sallah. Warin gumi da fetur da fenti ya cika falon. Da ya cire safar hannu na ga jan ya shige ƙarƙashin faratansa ya bushe. Da wannan hannun ya ɗauki kofi. Mutumin da a da in ya yi murmushi nake rasa inda zan sa idona, yau haƙoransa ma ƙyama suke ba ni.

"Gimbiya, irin wannan shan kunu? Tsaya ki ga sauran."

Ya zuge jaka ya fito da hular kwano ruwan hoda, sabuwa fil. Ya ajiye a tebur. Ya sake zura hannu ya fito da wani dami ya miƙo min da hannu biyu, har da ɗan sunkuyar da kai.

Furannina ne. Ya tumɓuko su har saiwa, zafin jaka ya dafa su sun yi laushi, shuɗin ya koma baƙi-baƙi. Kuma da guntun igiyarmu ya ɗaure su.

"Na tuna kin ce kina son su," ya ce.

"Na ce maka ni na dasa su."

"To ai shi ya sa. Naki ne, na kawo miki abinki."

"Ka san wahalar da aka sha kafin su kama ƙasa? Ruwan farko da za a yi, gangaren nan gaba ɗaya zai zube."

Ya yi dariya, ya jingina da kujera ya miƙe ƙafa.

"Haba Gimbiya, ciyawa ce fa. Na zaga gandu iri-iri, ko'ina ciyawa fitowa take da kanta. Ni da na hau dutse da gwangwani a baya, ko sannu ba za a ce min ba?"

Na miƙa masa saƙon Oga. Ya karanta, dariyar ta ɗan ja baya. Karo na farko ke nan da na ga ya gyara zama.

"Ba dai kin faɗa masa ba?"

"Tukuna."

"Yawwa. Ki ce ba ki sani ba. Ki ce wani mahaukacin masoyi ne, ai kyakkyawa irinki ba ta rasa su. Fuskata ba ta fito ba, babu wanda ya ga lambar babur ɗina."

"In na ce ban sani ba, ni za a kora."

"In kika ce ni ne, babur ɗina za su ƙwace, su kai ni kotu, su hana ni shiga kowane gandu. Kin san tafiyar nan ita ce rayuwata. Ke kuwa aikin nan ai dama ajiye shi za ki yi."

"In ji wa?"

"Umma ta ce an gama wannan maganar."

Labule ya motsa, Goggo ta faɗo kamar an jefo ta.

"Ke Auta, ki shiga hankalinki! Mijin da za ki aura za ki kai wa hukuma? A kan ciyawa? Me za mu ce wa manyansa jibi? So kike a yi da mu a dangi?"

Yaya ma ya leƙo. "Ki bari kawai su sallame ki cikin mutunci. Ni zan nema miki wani abin a ofis, mai fanka da kujera."

Kowa na magana, babu mai tambayata abin da nake so. Na dubi hular ruwan hoda, na dubi lakar da ke kan kafet, na dubi Sarkin Hanya yana kankare fentin farcensa da haƙori yana tofarwa a gefen kujera. Na ɗauki damin furannin na fice.

Ko a wane hali nake, hannuna ba ya iya ganin saiwa a waje ya ƙyale. Na ce bari na nemi gwangwani na zuba ƙasa mai laima, ƙila a samu ko ɗaya ta farfaɗo. Na zagaya bayan tankin ruwa inda aka jibge tarkace. Ga tsohon bokiti, ga karyayyar kujera, ga takalmana a yashe. Gwangwanin fentin nan kuwa babu shi, babu buroshin. Sai zagayen ja da gindinsa ya bari a kan siminti.

Na daɗe ina kallon zagayen nan. Sannan na ɗago na kalli get ɗinmu. Na ciro waya na buɗe hoton Oga, na ɗaga shi saitin get ɗin. Ja mai duhu kamar hanta. Ko makaho ya shafa ya san abu ɗaya ne.

"Me kike nema a nan?"

Umma ce a bayana, ta riƙe tiren kofuna.

"Umma, ina ragowar fentin get?"

Ba ta yi ko gezau ba. Ta ajiye tiren a kan murfin tanki, ta gyara ɗaurin zaninta.

"Na bayar."

"Wa kika ba?"

"Kin sani, tunda kika tambaya. Ya zo gaishe ni ranar da kika fita kitso, yana ta neman abin da zai yi miki na bajinta kafin zuwan manyansa. Na ce ya rubuta sunanki inda abokan aikinki za su gani. Na ce ya sa har na mahaifinki, kada a ce wata ce."

Na juyo na fuskance ta.

"Umma, ba ki san hukuncin wannan ba ne? Kora ce fa."

"Ke da bakinki kika ba ni labarin wanda aka sallama. Kin zata ba na ji? Duk abin da kike faɗa ina ji."

Wallahi da marina ta yi da ya fi min sauƙi. Na daɗe ina neman ranar da Umma za ta saurari labarin aikina, ashe ta saurara, ta zaɓi wanda zai yi mata amfani ta adana.

"Me na yi miki?"

"Me kika yi min?" Idanunta suka kawo ruwa, amma ba ta sassauta ba. "Tun da kika tafi dajin nan ban yi barci mai daɗi ba. In hadari ya haɗu, ina nan ina tunanin dutse ya rufto miki. In waya ta yi ƙara, gabana ya faɗi. Na binne mahaifinki, ba zan zauna jiran a kawo min ke a mota ba. Na roƙe ki, na yi faɗa, na sa Goggonki ta yi, kin toshe kunne. To na gaji. Su sallamo min ke, ki yi aurenki, ki zauna inda zan riƙa ganinki."

"Shi ya san dalilinki?"

"Wannan? Shi dai a ce ya burge. Ko tambaya bai yi ba."

Ban san wanne ya fi ba ni ƙyama ba, wanda ya tattake min shuka don a tafa masa, ko yadda aka ɗauke shi kamar buroshi aka shafa min baƙin jini da shi bai ma sani ba. Kuma duk da haka, masu karatu, uwata ce. Tausayinta da haushinta suka cakuɗe min.

Wayar ta ɗau ruri a hannuna. Oga.

Umma ta kalli sunan, ta kalle ni.

"Ki ce ba ki sani ba," ta ce a hankali. "In kika ambaci yaron nan, sai sun tambaye shi inda ya samo fenti da wanda ya ba shi shawara. Kin ga yadda yake, ba zai rufa ni ba. Sai ki zaɓa, ko ciyawarki ko a kira uwarki gaban hukuma."

Daga falo ina jin dariyarsa, yana ba Yaya labarin yadda taya ta zame masa a gangare. Na sunkuya na ajiye furannin a inuwar tanki, na yayyafa musu ruwa daga famfo. Na jawo takalmana na aiki na zura ƙafa ba tare da na kakkaɓe su ba. Sannan na danna wayar na kai kunne.

"'Yata, manya na jirana," in ji Oga. "Kin san wanda ya yi?"

"Na san shi, ranka ya daɗe. Yana falonmu yanzu haka, babur ɗinsa na tsakar gida da lakar a jiki. Get ɗin ma ni na ba shi labarinsa, wannan laifina ne."

Umma ta dafe ƙirji.

Na ji Oga ya sauke numfashi.

"To. Shi kaɗai ne, ko da hannun wani a ciki?"

Na ɗago. Umma na tsaye tsakanina da jan get ɗin, hawaye na bin kuncinta. Tunda nake da ita ban taɓa ganin tana jiran abu daga bakina ba sai yau.

"'Yata, kina jina?"

"Ina jinka, ranka ya daɗe," na ce. "Gobe da sassafe zan taho da buroshin ƙarfe da kananzir. Sunana ne da na ubana, ni zan kankare su da hannuna. Wannan tambayar kuma ka yi masa ita da kanka, a gabana."